Kwana uku a Zion da Bryce: manhajar NPS da bas ɗin gandu sun fitar da mu kunya

Kwana uku cif muke da su, ni da yayana, tsakanin ƙarshen taron da ya kai ni Las Vegas a watan Oktoban 2023 da ranar da jirgina zai tashi. Shi a Amurka yake zaune, ya daɗe yana yi min zancen kwazazzaban jihar Utah amma bai taɓa taka su ba. Daren farko muka rubuta wurare har biyar. Da muka auna nisan da ke tsakaninsu, sai muka ga kwanakin a cikin mota za su ƙare. Na ce, "Yaya, gani muka zo yi ko tuƙi?" Muka soke uku, muka tsaya a kan gandayen ƙasa biyu, Zion da Bryce.

Abin da muka dogara da shi wajen tsara tafiyar shi ne manhajar NPS, ta hukumar da ke kula da gandayen ƙasa na Amurka. Kyauta ce. Babban amfaninta a wurina shi ne za ka iya sauke bayanan gandu gaba ɗaya a wayarka tun kana masauki, domin da zarar ka nutsa cikin kwazazzabon Zion sabis yakan ɗauke. Kowace hanyar ƙafa an rubuta tsawonta, da yawan hawan da ke cikinta, da awannin da take ci, da tashar bas ɗin da za ka sauka. Akwai kuma shafin sanarwa, inda ake faɗin hanyar da aka rufe da yanayin kogi. Wata manhajar daban da Yaya yake da ita ta ba mu lokutan da ba su yi daidai da ƙafarmu ba ko kaɗan, da alama na masu gudu ne. Lissafin NPS kuwa ya zo mana daidai, har da rarar hutu.

Daga Las Vegas zuwa Springdale, garin da ke bakin ƙofar Zion, kusan kilomita 260 ne. A kula, agogon Utah yana gaba da na Nevada da awa ɗaya, don haka ranar zuwa gajeriya ce. Ba mu takura kanmu ba. Muka bi ramin nan da aka huda cikin dutse, mai tsawon kilomita 1.8, wanda aka gama tun 1930, muka taka Canyon Overlook, kilomita 1.6 zuwa da dawowa. Daga can muka ga rana tana janye haskenta daga jajayen duwatsun. Ya ishe mu na ranar.

Bas ɗin gandun shi ne abin da na fi yabawa. Tun shekarar 2000 aka fara shi, kuma a yawancin watannin shekara ba a barin motar kowa ta shiga babban titin kwazazzabon. Shiga kyauta ne, tashoshi tara, daga ofishin baƙi zuwa Temple of Sinawava, wajen minti 45. Da farko na ɗauka takura ce. Da na ga ƙanƙantar titin da yawan jama'a, sai na gane in da kowa da motarsa, ba mai motsi. Abin lura biyu ne: wurin ajiye mota yana cika tun da hantsi, sannan wanda bas ɗin ƙarshe ya bari a can ciki, tafiyar sama da kilomita 12 ce a gabansa cikin duhu. Mun bar motarmu a masauki, muka bi bas ɗin gari, shi ma kyauta.

Hanyar hawa ƙololuwar dutsen da ake kira Angels Landing kowa yake so, kuma tun Afrilun 2022 sai da izini, ta hanyar ƙuri'a a shafin Recreation.gov. Mun shiga ƙuri'ar da ake yi ana gobe tafiya, dala 6 kuɗin nema, ba mu dace ba. Ban ga laifin tsarin ba, domin ƙarshen hanyar siririn doron dutse ne da ake bi ana riƙe sarƙa, rami dama da hagu, cunkoso a irin wurin nan ganganci ne. Manhajar ce ta nuna mana cewa har Scout Lookout, inda siririn doron yake farawa, ba a buƙatar izini. Muka sauka tasha ta 6, The Grotto, a bas ɗin sassafe. Hawan yana da cin gwiwa, sai ka shiga wani lungu mai sanyi da suke kira Refrigerator Canyon, ka ji kamar an buɗe maka randa, daga nan sai lanƙwasa 21 na Walter's Wiggles, ɗaya a kan ɗaya kamar matakalar bene. Da muka kai sama, kogin Virgin ya koma kamar zare, bas ɗin da ya kawo mu kamar kwalin ashana. Kafin azahar mun sauko.

Da rana muka nufi Narrows, inda kwazazzabon ya fi matsewa, kuma a nan zan daɗe, don shi ne abin da har yau nake gani in na rufe ido. Za ka fara da shimfiɗaɗɗiyar hanya ta Riverside Walk, in ta ƙare, kogin kansa ne hanyar. Ruwa wani wuri idon sawu, wani wuri gwiwa, sau biyu ya kawo min ƙugu. Duwatsun ƙasan ruwan mulmulallu ne masu santsi kamar an shafa musu miyar kuɓewa. Mun yi hayar takalmi da safar roba da doguwar sanda a wani shago a Springdale, kuma sandar nan ita ce ƙafa ta uku. Safar da aka ba ni ta matse ni, na fito da bororo a ɗan yatsa, saboda haka a gwada sosai kafin a bar shago. Bangon dutsen yana tashi sama ɗaruruwan mitoci, yana matsowa har sararin sama ya koma siririn ƙyalle. Rana ba ta isa ƙasa. Sanyin ruwan Oktoba yana ratsa ƙashi.

Kafin mu shiga, sai da muka duba hasashen ambaliya, a manhaja da kuma allon da ke tasha. Wanda ya san yadda busasshiyar korama take cika nan take saboda ruwan da aka yi a wani gari, zai fahimci haɗarin, sai dai a nan babu gaɓar da za ka haura. A Satumban 2015 mutum bakwai ambaliya ta halaka a Keyhole Canyon, cikin wannan gandun. Daga Yuli zuwa Satumba haɗarin ya fi yawa. Sanarwar ta kuma yi gargaɗin wani gansakuka mai guba a ruwan kogin, kada a sha, kada a nutsa kai. Wannan ya amfane mu kai tsaye, domin da ruwan kogin za mu yi alwala. Da ruwan gora muka yi, muka haɗa azahar da la'asar a kan wani tudun yashi, alƙibla arewa maso gabas. Hukumar tana ba da shawarar wajen lita 4 ga mutum ɗaya a yini, kuma akwai famfunan cika gora a wasu tashoshin.

Da zan sake tsarawa, ba zan haɗa Scout Lookout da Narrows a yini ɗaya ba. Mun juya kafin mu kai wuri mafi matsi, saboda tsoron bas ɗin ƙarshe, ƙafafu kuma sun riga sun yi nauyi. Manhaja za ta ba ka awannin kowace hanya, amma gajiyar safe da za ta biyo ka cikin ruwa, kai za ka lissafa ta.

Kuɗin shiga a lokacin dala 35 ne kowace mota a kowane gandu, katin shekara kuma dala 80. Yaya ya sayi katin tunda a can yake.

Bryce tafiyar kusan awa biyu ce daga Zion, kuma wata duniya ce daban. Tudun ya haura mita 2,400, mun tarar da raɓa ta daskare a jikin motoci. Muka gangara ta Sunrise Point cikin Queen's Garden, tsakanin dubban ginshiƙan dutse ja da ruwan goro masu kama da suri, muka fito ta Navajo Loop, kilomita 4.6 duka. A nan gangara ake fara yi, hawa yana ƙarshe, iskar kuma ba ta cika ƙirji. Yaya ya tsaya sau huɗu, hannu a gwiwa, yana cewa, "Ƙanena, jira ni." Ƙarfe ɗaya na rana muka kama hanyar Las Vegas, takalman Narrows mun riga mun mayar, amma wandona bai gama bushewa a bayan mota ba.