Robar man ja, robar masara da wadda aka kai wa Hajiya: wacce ce ke ruɓewa da gaske?

Hajiya mai koko ta unguwar Nima a Accra, barka da aiki. Kin ce wani ɗan kasuwa ya kawo miki leda, wato robar da muke ƙulla koko da ƙosai a ciki, ya ce tasa narkewa take yi da kanta. Ɗanki kuma ya ji labarin wata roba da ƙwayoyin bakteriya ke yi daga man ja. Kika tambaya ko abu ɗaya ne, kuma wacce ta dace da sana'arki. Abubuwa uku ne daban, Hajiya, suna ɗaya kawai aka lulluɓe su da shi.

Wadda ɗanki ya ji sunanta PHA. Akwai bakteriyar da idan ta samu abinci da yawa amma aka rage mata sinadarin naitirojin, sai ta daina hayayyafa ta koma tara guzuri a cikinta, kamar yadda rago ke tara kitse kafin Sallah. Wannan guzurin shi ne robar. Wani masani a Faransa, Maurice Lemoigne, ya gano haka tun 1926. Wadda aka fi sa wa aikin yanzu ita ce Cupriavidus necator, tana iya cika cikinta har robar ta kai kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinta. Sai dai robar da take yi a halittarta ta asali gautsi gare ta, lanƙwasawa kaɗan ta karye. Shi ya sa masana suka ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriyar, Aeromonas caviae, suka dasa mata, ta fara yin roba mai laushi. Da irin wannan kamfanin Kaneka na Japan ke aiki, yana ciyar da ita man tsirrai a manyan tankuna. Mai ya fi sukari albarka a nan: kilo ɗaya na mai kan ba da giram 600 zuwa 800 na roba, kilo ɗaya na sukari kuwa 300 zuwa 400.

Ta biyun ita ce PLA, robar masara ko rake. Ita bakteriya ruwa mai tsami kawai take bayarwa, irin tsamin nono, sannan masana'anta ta harhaɗa shi ya zama roba. Ta fi PHA araha, ta fi ta yawa a kasuwar duniya, garau take kamar gilashi.

To a ɗora su biyun a kan teburinki. Kokon da kike kwasowa daga tukunya da asuba yana tururi, PLA ba za ta so shi ba, don tana fara saki tun zafi bai wuce digiri 60 ba. PHA ta fi ta haƙuri da zafi. Amma inda suka rabu sosai shi ne bayan an sha an yar. PLA tana bukatar wurin yin taki na musamman, mai zafin kusan digiri 58 da danshi, kafin ta ruɓe cikin watanni. Jefa ta a babban gwatan Nima, ta bi kogin Odaw ta faɗa tafkin Korle da ke bakin teku, za ta yi shekaru tana nan. PHA kuwa abinci ce tun asali, ƙananan halittun ƙasa da na ruwa, har na teku, sun san yadda ake cinta. A wannan gwajin, wanda shi ne ya shafe mu mutanen Zango, PHA ta yi gaba nesa.

Ko ita ɗin ma watanni take ɗauka, gwargwadon kaurinta da ɗumin wurin, ruwan damina kuwa ba ya jira. Duk wanda ke Accra a daren 3 ga Yuni 2015 ya san abin da toshewar magudana ta haifar a shataletalen Kwame Nkrumah Circle, inda ambaliya da gobarar gidan mai suka ci rayuka sama da 150. Har yau idan na bi ta wurin aka haɗa hadari, gabana faɗuwa yake yi.

Wadda aka kawo miki fa? In farashinta kusan ɗaya ne da na leda ta kullum, kusan tabbas ita ce ta ukun, mai tambarin oxo. Ledar man fetur ce da aka zuba wa sinadari don rana da iska su farfasa ta. Takan dagargaje ta zama ɓurɓushi, ido ya daina gani, amma ɓurɓushin na nan cikin ƙasa da cikin kifi. Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021. Ki duba jikin ledar ko kwalin, in kin ga oxo, kada ki ƙara ko kwabo a kan kuɗin da kika saba biya.

Matsalar PHA kuɗi ne. Ta ninka leda ta kullum tsada, kuma manyan kamfanoni sun sha ƙasa a kanta: masana'antar Metabolix da ADM a Amurka ta tsaya a 2012, Danimer mai amfani da man kanola ta shiga fatara a 2025. Ga kuma abin da ya fi damuna. Man jan da Ghana ke samu daga gonakin Kwae, Benso da Twifo bai ishe mu ci ba, shigo da ƙari muke yi. A ɗebi man miya a ba bakteriya don a yi abin da za a yar cikin minti goma, raina bai kwanta da wannan ba. Abin da nake wa fata shi ne baƙin man da ya gaji da suyar ƙosai da kifi, wanda ake kwararawa a gwata. Gwaje-gwaje sun nuna wannan bakteriyar tana cinsa ta yi roba, kuma Zango kaɗai na zubar da jarkoki.

Kafin a kai can, Hajiya, masu zuwa da kofi ko ɗan kwano daga gida ki ƙara musu rabin ludayi, za ki ga layinsu ya yi tsawo. Ƙosai kuma ganyen da masu waakye, wato shinkafa da wake, ke naɗe abinci a ciki zai riƙe shi da zafinsa.