Mai gyaran kwamfutata a Tawa: hannunsa na da kyau, batirinsa ne matsala

Duk wanda ke Tawa kuma kwamfutarsa ta hannu ta fara ƙin mutuwa, ya dakata kafin ya yarda a yi mata formataj, wato a goge duk abin da ke cikinta. Ni ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa: buhu nawa aka loda, a motar wa, wa ya biya, wa ke da sauran bashi. Daga lokacin da albasa ta fara fitowa daga Galmi da kewaye har manyan motoci su gama kwasa zuwa Gana da Kwaddibuwa, amanar mutane da yawa a cikin injin nan take kwana.

A tsakiyar wannan hada-hada ta fara mini gardama. In na danna Arrêter don kashe ta sai allon ya rubuta "Arrêt en cours", ɗigon nan su yi ta zagaye, in yi sallar isha'i, in ci tuwo, in dawo, suna nan suna zagaye. Redémarrer, wato sake kunnawa, ma haka. Ko fita daga sunana na so in yi don ƴata ta shiga nata, sai ta tsaya cak. Wani lokaci allon ya yi baƙi, ka ɗauka ta mutu, ashe fanka na juyawa a ciki. Haka na taɓa sa ta a jaka na hau mota zuwa Konni cikin zafin Afrilu, da na ciro ta sai da na sake ta a kan kujera don zafi, batiri kuma babu ko ɗigo.

Masu gyaran da na fara zuwa wurinsu bakinsu ɗaya. Wannan ya ce birus ne, a goge komai a zuba sabuwar Windows. Wancan ko buɗe ta bai yi ba ya ce in riƙa danne maɓallin kunnawa har ta ɗauke, wai kowa haka yake yi. Shawarar nan tasa ita ta jawo mini abin da ya hana ni barci, domin wata safiya fayil ɗin lissafin kakar bana ya ƙi buɗewa sam. Da ba don kwafin da ke cikin kilen USB ba, ban san da wane ido zan kalli Alhazan ƙungiya ba. Duk da haka sai da na zauna da rasiɗai da littafin hannu na sake shigar da lodin da kwafin bai kama ba.

Wani direbanmu ne ya kwatanta mini wani yaro mai gyara. Shagon ɗan ƙarami ne kusa da kasuwa, tebur ɗaya, fanka ɗaya, wayoyi da kwamfutoci jibge a kan juna. Na shiga da shirina na faɗa, don na riga na yanke cewa in ya ambaci formataj zan ɗauki kayana in fita. Sai ya tambaye ni abin da ba wanda ya tambaya: "Baba, kashewa kaɗai ke tsayawa, ko har da sake kunnawa?" Na ce duka. Ya gyaɗa kai ya ce to wannan ya rage masa aiki.

Bayanin da ya yi mini ya zauna mini daram, shi ya sa zan maimaita shi. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai wani tsari na saurin tashi da ake gani a allo da sunan "démarrage rapide". In yana kunne, danna Arrêter ba ya kashe komai ƙurmus. Injin yana rufe ayyukanka, amma zuciyar tsarin da ƙananan manhajojin da ke tuƙa kayan ciki, waɗanda masu gyara ke kira pilot, ana ajiye su a diski yadda suke don gobe a tashi da wuri. Redémarrer kuwa ba ta bi ta nan, tana sauke komai ne ta ɗauko sabo. Don haka da kashewa ce kaɗai ke tsayawa, da wannan tsarin zai fara tuhuma, kuma gwajinsa sauƙi ne: ka riƙe maɓallin Maj (Shift) sa'ad da kake danna Arrêter, injin zai mutu cikakkiyar mutuwa. Amma tunda tawa har sake kunnawa da fita daga suna duk suna tsayawa, to akwai wani abu a ciki da ake ce masa ya rufe yana ƙi.

Ya shigar da ita "mode sans échec", yanayin da Windows ke tashi da nata kayan na dole kawai. Ya danna Arrêter, ya janye hannunsa. Kafin in gyara zama fitilar ta ɗauke, fankar ta yi shiru. Wallahi sai da na ce Allahu akbar a fili, har mai shayin da ke bakin ƙofa ya leƙo. Yaron ya ce, "Kun gani, Baba, ƙarfenta lafiya lau. Wani baƙo ne ya shiga ya ƙi fita."

Neman baƙon nan ne ya ci lokaci, kuma nan na ga haƙurinsa. Ya buɗe msconfig, inda ake zaɓar abin da zai tashi tare da Windows, ya ɓoye ayyukan da ke na Windows kanta, ya kashe sauran gaba ɗaya. Ta mutu lafiya. Ya kunna rabinsu ya gwada, ta tsaya. Ya raba wannan rabin biyu ya sake gwadawa. Haka ya yi ta ragewa, yana rubutawa a bayan wani kwalin waya da biro, abin da ya wanke ya ja masa layi. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ya jona ta da batirin da hasken rana ke cika masa, ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Daga ƙarshe abu ɗaya ya rage a kan kwalin: manhajar wata tsohuwar kilen intanet da na yi amfani da ita zamanin 3G. Kilen kanta ta daɗe da ɓata, da waya nake jona intanet yanzu, amma manhajarta na nan tana tashi kullum tana jiran abin da ba zai zo ba. Ya cire ta da pilot ɗinta. Ya kashe saurin tashin ma, ya ce tsohon inji irin nawa ya fi zama lafiya in ya mutu gaba ɗaya, sai dai in yi haƙuri zai ɗan ƙara jinkiri da safe.

Bai tsaya nan ba. Ya ce danne maɓalli da aka sa ni yi ta yi yana yanke wa diski wuta ne yana tsakiyar rubutu, abin da ya ɓata fayil ɗina ke nan, kuma yana iya taɓa fayilolin tsarin. Ya sa umarnin chkdsk ya duba diskin, ya bi da sfc /scannow mai gyara fayilolin tsarin. Ya kuma rubuta mini shutdown /s /f /t 0 a takarda, ya ce in wata rana wata manhaja ta sake gardama, in ajiye aikina tukuna sannan in buga wannan, zai tilasta mata rufewa ba tare da an yanke wuta ba. Duk wannan jika 3 ya karɓa, hotunan aikin hajjin mahaifiyata da lissafin shekarun baya ba abin da ya taɓa su. Har ya faɗa mini gaskiyar da mai son sayar da kaya ba zai faɗa haka ba: Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoba 2025, injina kuma ya tsufa da Windows 11 don ba shi da kayan tsaron da take buƙata mai suna TPM 2.0, saboda haka in fara tara kuɗin wani a hankali, kada in zuba masa dukiya. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da yabo kaɗai za ku karanta.

To ga inda raina ya ɓaci. Shi da bakinsa ya ce kada in kashe wa injin kuɗi, shi ne kuma ya ce zafin da ya sha a jaka ya gama da batirin, akwai sabo dal a wurinsa. Saboda yardar da ya riga ya samu a wurina ko ciniki ban yi ba, na ƙirga jika 18 na ba shi. A Tawa batiri ba kayan ado ba ne. Lokacin zafi wuta na iya tafiya kana tsakiyar lissafi, kuma a wurin lodi ba inda za ka jona. Sabon batirin nan bai kai ni awa ɗaya ba. Ƴata da ke jami'a ta buga powercfg /batteryreport, umarnin da ke fitar da rahoton batiri, takardar ta fito ɓaro-ɓaro: abin da batirin ke iya ɗauka yanzu bai kai rabin abin da aka ƙera shi da shi ba. Wannan ba sabo ba ne, an dai goge shi an sa a leda.

Na koma da takardar a hannu. Mutumin da ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla ranar farko, yau idonsa na kan wata waya da yake kwancewa. "Baba, ku yi haƙuri, haka aka aiko mini su daga Yamai, ni ma ban buɗe ba." Na ce, "Ɗana, kai da ka iya gano manhajar da ta ɓuya shekara da shekaru, layi ɗaya na duba batiri ne ya gagare ka?" Ya yi shiru. Ban ce ya san tsoho ne ya sayar mini ba, Allah ne masanin zuciya. Amma wanda ya san aiki kamarsa, rashin dubawar ma laifi ne, kuma kuɗin bai mayar ba, rasiɗi kuma dama bai ba ni ba.

Tsayuwar da na yi a shagon ranar ta tuna mini da wani abu da farin ciki ya sa na kau da kai a kansa. Lokacin da na bar masa injin don sa batirin, ya rubuta kalmar sirrina a kan farin salatif ya manna a murfin. Na duba teburin, kusan kowace kwamfuta da nata salatif ɗin, da lambar wayar mai ita a ƙasa. Yara masu koyon aiki na shiga suna fita, abokansa na zaune suna shan shayi. A cikin tawa akwai sunayen ƴan kasuwa da kuɗin da ake bin kowa, abin da ko matata ba ta gani. Na canza kalmar a daren, amma wanda zai kai masa inji ya buɗe wani suna na daban mara komai a ciki, ko ya zauna a yi aikin a gabansa.

Wanda ya tambaye ni ko ya je, zan ce ya je, musamman in matsalar irin tawa ce, don ban ga na biyunsa a garin nan wajen gano ciwo ba tare da goge wa mutum kaya ba. Injina har yanzu ina danna Arrêter yake mutuwa. Amma batiri, caja, diski, duk abin da za a ciro daga leda, a sayo a wani wuri a kai masa ya sa, ko a gwada a gabanka kafin kuɗi su bar aljihu. Ya yi mini alkawarin canji in sabbin kaya sun iso daga Yamai, kiran waya kuma sai ya ga dama yake ɗauka. Na riga na gaya masa ranar da ya zo da wani, da ƴata zan je, ta fitar da takardar batirin a kan teburinsa kafin in karɓa.