Soso ko tebur mai ƙafafun murɗawa: wanne ya dace da babban tankin kifi a karkataccen daɓe?

Ɗan'uwa, tsakanin shimfiɗa soso a ƙarƙashin tankin da kuma sa mai walda ya ƙera maka teburin ƙarfe mai ƙafafun da ake murɗawa, ka ɗauki teburin. Tunda daɓen ɗakinka ya karkace, tankin kuma tsawonsa ya kai santimita 150, aikin ya fi ƙarfin soso.

Ka fara da lissafin nauyi. Idan faɗin tankin santimita 50 ne, tsayinsa kuma 60, zai ci lita 450, kuma kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Idan ka haɗa da nauyin gilashin da yashi da duwatsu, ka haura rabin tan. Gilashi yana ɗaukar wannan nauyi lafiya lau muddin ya zauna daram, amma ba ya jure murɗewa. Tankin da ya ɗan karkata gefe guda gaba ɗayansa yana da matsala, domin ruwa zai fi danna bango ɗaya, sai dai wanda ya fi shi haɗari shi ne wanda kusurwa uku suka zauna, ta huɗu tana reto. A nan ne gam ɗin silikon da ya riƙe gilasan yake shan ja dare da rana, har wata rana ya buɗe ko gindin ya tsage, kuma sau da yawa ba ya nuna wata alama kafin hakan ta faru.

Nawa tankin a kan irin wannan tebur yake, mai ƙafa shida, kowace ƙafa da notinta, an kuma shimfiɗa katako mai kauri a samansa domin gindin ya samu shafaffen wurin zama. Ranar da na kafa shi, na fara daidaita teburin da ma'aunin magina mai ɗigon iska a ciki, a tsaye da kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa. Sannan na ɗora tankin, na zuba ruwa kamar tsayin yatsa, na auna da tef daga fuskar ruwan zuwa bakin gilashin a kusurwa huɗu. Kusurwar baya ta hagu ta nuna ta yi ƙasa. Na durƙusa da sifana ina murɗa notin kaɗan-kaɗan, ina kallon layin ruwan yana miƙewa a jikin gilashin har ya yi daidai da bakin, kuma har yau idan na tuna wannan sai na ji daɗi a raina. Bayan na kai ruwan rabi na bar shi ya kwana, na sake aunawa, na tabbatar kowace ƙafa ta taka ƙasa sosai, sannan na ɗaure noti na biyu da ke hana na farko kwancewa. Duk gyaran da za ka yi, ka gama shi kafin tankin ya cika, domin murɗa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin rabin tan yana iya jawo murɗewar da kake gudu.

Abin lura a nan shi ne ƙafafun suna tara nauyi a ɗan ƙaramin wuri. Kilo 600 a kan ƙafa shida na nufin kilo 100 a kan kowace, saboda haka ka sa fallen ƙarfe mai faɗi a ƙarƙashin kowace ƙafa, musamman idan daɓen tayil ne, kuma ka ƙwanƙwasa tayil ɗin tukuna, ka guje wa wanda ya yi ƙarar rami. Idan daɓen na katako ne, ka kafa teburin kusa da bango, ya gitta katakan da ke riƙe da daɓen maimakon ya bi tsawon guda ɗaya.

Soso kuwa yana da ɗan amfaninsa: a tankin da gindinsa gilashi ne zalla, siririn soso yana hana ƙwayar yashi ko ɗan tudu ya danna gilashin. Iyakarsa ke nan. Ba ya gyara gangara, hasali ma ya fi lotsewa a gefen da nauyi ya fi yawa. Tankin da ke da firam ɗin roba a gindi kuma, a kan firam ɗin aka yi shi ya zauna, soso mai kauri zai iya tura gilashin ƙasan sama.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Wanda ya ce maka soso zai shanye karkatar daɓe, so yake ka biya ka ɗauka kawai. Akwai masu cewa kaurin gilashi milimita 12 ne alhali 10 ne, don haka ka auna da kanka a gefen gilashin. Akwai masu shafa sabon silikon a kan tsohon tankin da ya taɓa yoyo su sayar da shi a matsayin sabo, alhali sabon silikon ba ya kama tsohon da kyau. Ka duba kusurwoyin, idan ka ga kumfa ko shafi biyu, ka bar musu kayansu. Haka nan teburin garin katako da aka lulluɓe da leda mai sheƙi, da zarar ruwa ya shige shi sai ya kumbura ya saki.

Ka gaya wa mai waldar cikakken nauyin kafin ya yanka ƙarfe, ya sa notuna masu kauri, ya yi wa teburin fentin da ke hana tsatsa, kuma ka auna samansa a gabansa kafin ka biya.