Liyafar Idin Ƙetarewa a Sabon Garin Zariya: Girki Ya Yi, Bayani da Saura

Akwai wani gidan abinci a Sabon Gari, mallakar wata dattijuwa 'yar zumuntar mata, wanda yake shirya wa Kiristoci liyafar Idin Ƙetarewa a daren Alhamis ɗin da ke zuwa kafin Ista. Wannan shi ne idin da Yahudawa suke tunawa da fitar kakanninsu daga bautar Masar a ƙarƙashin Annabi Musa. Ana biyan kuɗin kujera tun da wuri, kuma kuɗin bai wuce abin da mutum zai kashe a matsakaicin gidan abinci ba. Akasarin waɗanda na tarar mutanen Wusasa ne da ɗalibai daga Samaru.

Ta fannin girki, uwar gidan ta cancanci yabo, domin ta bi abin da Littafin Fitowa sura 12 ya faɗa, wato gasasshen naman rago da gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, ta kuma samo su daga abin da kasuwarmu take da shi. Gurasar siririya ce, an gasa ta a kasko har ta yi ƙamas, tana karyewa da ƙara, ba irin gurasar Kano mai laushi ba. A matsayin ganye mai ɗaci an kawo shuwaka ɗanya wadda ba a wanke ɗacinta ba, kuma na ga wani dattijo ya tauna ya runtse ido, ya daɗe bai miƙa hannu ga kofinsa ba. Kusa da ita akwai dakakken dabino da gyaɗa mai kama da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, don tunawa da aikin tubali a Masar, sai ruwan gishiri a ƙaramin kwano a madadin hawayen bayi. Maimakon ruwan inabi an zuba zoɓo sau huɗu, wanda a ganina dabara ce mai kyau saboda masu bin da ba sa shan giya. Naman ne kaɗai ya ɗan huce kafin a raba shi.

Wani malamin Littafi Mai Tsarki ne ya jagoranci zaman, kuma ya amsa tambayar da ke ran kowa: me ya haɗa Kirista da idin Yahudawa? Ya karanta Luka 22, inda Yesu ya zauna cin wannan idi da almajiransa a daren da aka bashe shi, ya ɗauki gurasa da ƙoƙo ya kafa Jibin Ubangiji. Ya haɗa da 1 Korantiyawa 5:7, inda Manzo Bulus ya kira Almasihu Ɗan Ragonmu na Idin Ƙetarewa. Ya kuma nuna cewa Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko a Ayyukan Manzanni sura 2, asalinta Idin Makonni ne na Yahudawa, kuma a lokacin wani idinsu, Idin Bukkoki, ne Yesu ya yi maganar ruwan rai a Yahaya sura 7. Wanda ya karya busasshiyar gurasar da hannunsa yayin da ake karanta waɗannan ayoyi zai fahimce su fiye da wanda ya ji su daga bagade kawai.

Inda malamin ya gaza shi ne da ya ce abin da ke gabanmu daidai yake da abin da Yesu ya ci. Tsarin liyafar da Yahudawa suke bi a yau ya kankama ne bayan Romawa sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da yanka ragon idi ya tsaya, kuma ƙa'idar shan kofi huɗu na ruwan inabi an rubuta ta ne a Mishna, littafin da ya tattara dokokin malaman Yahudawa, wajen shekara ta 200. Ya kuma yi magana kamar wanda bai kiyaye idin ba ya yi rashin biyayya, alhali taron manzanni a Ayyukan Manzanni sura 15 bai ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba wannan nauyi ba, Kolosiyawa 2:16 kuma ta hana a hukunta kowa a kan idi ko Asabar. Bai ambaci taron shugabannin Ikilisiya da aka yi a birnin Nikiya a shekara ta 325 ba, inda aka raba lissafin ranar Ista da kalandar Yahudawa. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, to iyayenmu da suka rasu ba su taɓa yin wannan ba fa?” Amsar da ya bayar ba ta gamsar da ita ba, ni ma haka. Ya kamata kuma a shaida wa mahalarta cewa wasu Yahudawa ba sa jin daɗin yadda Kiristoci suke aron wannan ibada tasu.

Ɗakin ya yi wa jama'ar kaɗan, an fara a makare, ƙarar janareta kuma ta hana na baya jin karatu sosai. Duk da haka ina ba fastoci da malaman makarantar Lahadi shawarar su halarta, su tafi da Littafinsu don bin ayoyin da kansu, su kuma nemi kujerar gaba.