Lambun Baba mai fulawa a Argungu, bayan rasuwarsa

Ranar Asabar na koma lambun nan da ke gefen hanyar Birnin Kebbi, karo na farko tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa. Na daɗe ina jan ƙafa, don ban san yadda zan ga wurin ba shi ba. Tabarmarsa tana nan ƙarƙashin darbejiya, da butar da yake alwala.

Tun Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, kafin a raba a 1991, yake wannan sana'a ta sayar da dashen itatuwa da fulawa. A hannunsa mahaifina ya sayi mangwaron da ke tsakar gidanmu, wanda yanzu 'ya'yana ke jifa. Da kuɗin dashe da na fulawa ya aurar da 'ya'yansa mata, ya sa mazan makaranta, kuma har ƙarfinsa ya ƙare jikoki ne ke kewaye da shi suna cika leda da ƙasa.

Abin da ya sa muke zuwa wurinsa, Baba ba ya sayar maka da abu sai ya yi maka tambayoyi. Akwai rijiya a gidan? Awaki na shiga? Ina rana ke bugu da la'asar? Wata shekara cikin bazara na nace sai na ɗauki gwaiba, ya riƙe ledar ya ce, "Ɗana, bari ruwa shi zamna. Wanga icce ba shi jimre zahin Afrilu." Ya hana kansa ciniki. Da na dawo a watan Yuli ya ba ni, ya ƙara mini da ƙullin toka, ya ce in barbaɗa a ramin saboda gara.

To, alhamdu lillahi, 'ya'yansa biyu da suka gaji wurin ba su yar da wannan hali ba. Ina cewa lalle nake so na shinge, babban ya ce, "Yaya, ƙasarku yashi ce ko laka?" Sai da na ji ƙwalla ta zo mini. Dashen nasu lafiyayye ne, ganye shar, saiwa ba ta fasa leda ba. Takin ma busasshen kashin shanu ne da ya kwana biyu, ba ɗanye mai ƙona saiwa ba. Akwai zogale, lemun tsami, kashu, da fulawa ja da fara ta bakin ƙofa. Farashi ya ɗan hau, amma ana yin ragi idan ka ɗauki da yawa.

Inda suka gaza shi ne mangwaro mai aure. Baba da hannunsa yake haɗawa, da 'yar wuƙarsa da tsinken leda, kuma da wuya ya ƙi kamawa. Yaran ba su ƙware ba tukuna, guda uku kacal na tarar, ɗaya ma ɗaurin ya saki. Sun kuma fara kawo furen roba na adon motar amarya, abin da shi bai taɓa yarda a rataya masa a lambu ba. Na fahimce su, biki na kawo kuɗi, amma ni ban so ganinsa ba.

Na ɗauki lalle goma da lemun tsami biyu. Ƙaramin ya ɗaure mini su a bayan babur, ya yayyafa musu ruwa, ya ce in dasa da yamma in kewaye da ƙaya.