Komin haihuwar Yesu mai katanga: sassaƙa mai kyau, amma da rigima a gindinta

Masassaƙan Baitalami da Bait Sahur, garin da ke maƙwabtaka da ita, sun daɗe suna yin siffofin haihuwar Yesu da itacen zaitun. Wannan samfurin ya bambanta da abu ɗaya: an sa katanga tsakanin masana daga gabas da komin da jaririn yake kwance, kwatankwacin wadda Isra'ila ta fara ginawa a yankin Yammacin Kogin Jordan a 2002, mai kai mita 8 a wasu wurare.

Kwalin yakan ƙunshi rumfa, Maryamu, Yusufu, jariri, masana uku, makiyayi, tumaki da katangar. Inji ne ke fitar da gangar jiki, hannu ya gyara fuska da yatsu, don haka fuskar za ka fara dubawa. Zaitun na gaske yana da nauyi, da jijiyoyi masu duhu da suka ratsa shi, kuma ba guda biyu da ke kama da juna sak. In duk launinsu ɗaya, rini ne.

Babban aibinsa tsagewa. Itacen da bai gama bushewa ba, da hunturu ya buga shi a Jos ko Kaduna sai ya tsage, galibi daga ƙasan siffar. A nisanta shi da taga da fitila mai zafi, a shafa masa kakin zuma kaɗan da tsumma kafin Disamba. Kada a shafa man zaitun na girki, yana yin ɗoyi. Sandar Yusufu siririya ce, ita ke fara karyewa a hanya. A naɗe ta daban.

Sai katangar. Masu goyon baya suna cewa labarin haihuwar Yesu da siyasarsa ya zo: Luka 2 ya fara da ƙidayar Kaisar Augustas, Matiyu 2 kuma da Hirudus da gudu zuwa Masar. Da irin wannan hujja Fasto Munther Isaac ya kwantar da jaririn cikin ɓaraguzai a cocin Lutheran na Baitalami a 2023. Masu adawa suna cewa an mai da Kirsimeti allon zanga-zanga, kuma an ɓoye dalilin da Isra'ila ke bayarwa na gina katangar, wato hare-haren ƙunar baƙin wake na lokacin Intifada ta biyu (boren Falasɗinawa). Ko Vatican ma ta sha suka a 2024 kan jaririn da aka ɗora bisa rawanin Falasɗinawa.

A ganina, nazarin Littafi Mai Tsarki na manya ya fi dacewa da wannan samfurin, inda za a yi muhawara. A gaban bagade kuwa, musamman a ikilisiyar da ke da masu ziyarar Urushalima da yawa, dattawa za su shafe Kirsimeti suna sulhu. Ka tambayi mai sayarwa ko katangar tana cirewa ko manne ta aka yi. Mai cirewar ta fi.