Makarantar makafi ko firamaren unguwa?

Uban da Allah ya ba ɗa makaho a Jos, hanya biyu ce a gabansa: ko ya kai shi makarantar makafi ta Gindiri, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953, ko ya sa shi firamaren gwamnati ta unguwa.

A Gindiri zai koyi Braille, wato rubutun makafi da ake karantawa da yatsu, da tafiya da sanda, a hannun malaman da aikinsu ke nan. Sai dai tana can ƙaramar hukumar Mangu, kwana zai riƙa yi, kuma wace uwa ce ke son rabuwa da ɗan shekara bakwai?

Firamaren unguwa kuwa ga ta a bakin ƙofa. Da ƙannensa zai tafi, ya yi abokai masu gani, su ma su daina yi wa makaho kallon mabaraci. Wannan ba ƙaramar riba ba ce. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2019, ta ba shi wannan haƙƙi. Amma leƙa ajin ka gani: malami ɗaya, yara cike maƙil, ya rubuta a allo ya goge, yaron na zaune kamar baƙo.

Ni dai da Gindiri zan fara. In hannunsa ya faɗa da Braille, in dawo da shi unguwa.